Kayan Kiɗan Duniya a Cikin Kwamfuta: Abin da Taskar Sauti ke Kamawa da Abin da ke Kuɓuce Mata

Taskar sauti manhaja ce da ake tara muryoyin kayan kiɗa na gaske a cikinta. Ana naɗar su ɗaya bayan ɗaya a situdiyo, a jera su a kan madannan fiyano, yadda mai tsara kiɗa zai taɓa madanni ya ji sarewa ko ganga ba tare da makaɗi ya tako ƙofarsa ba. Wani reshe na wannan sana'a ya keɓanta da kayan kiɗan da ba na Turai ba, irin su sitar ta Indiya, da kora ta Mandinka, da duduk na Armeniya, waɗanda kamfanoni ke tattarawa su sayar da sunan kayan kiɗan duniya. Manyan masu sayensu su ne masu yi wa fina-finai da wasannin bidiyo da tallace-tallace kiɗa.

Dabarar ta girmi kwamfutar gida. Tun a 1963 aka fito da Mellotron a Ingila, wadda kowane madanninta ke kunna guntun tef. A 1979 Peter Vogel da Kim Ryrie suka ƙera Fairlight CMI a Ostireliya, na'urar da ke mayar da sauti lambobi ta adana, sai dai tsadarta ta sa ba ta wuce hannun manyan mawaƙa irin su Peter Gabriel da Kate Bush ba. Emulator II ta 1984 ta zo da muryar shakuhachi, sarewar gora ta Japan, kuma wannan guntun busa guda ɗaya shi ne aka ji a farkon waƙar "Sledgehammer" a 1986, aka ci gaba da jin sa a waƙoƙi da fina-finai har kunne ya gundura. Da aka kafa ƙa'idar General MIDI a 1991, an jera muryoyi 128, aka ware takwas a rukunin kayan gargajiya, kuma kalimba kaɗai ce ta Afirka a cikin takwas ɗin. Babban sauyi ya zo ne da GigaSampler a 1998, wadda ke karanto sauti kai tsaye daga ma'ajiyar kwamfuta, sannan Kontakt ta kamfanin Native Instruments na Berlin a 2002. Daga nan girman taska ya daina zama matsala, aka sami irin su RA ta EastWest da Ethno World ta Best Service, kowace da ɗimbin kayan kiɗa daga nahiyoyi daban-daban.

Aikin haɗa taska aikin haƙuri ne. Makaɗi zai zauna gaban makirufo ya fitar da amo guda, ya saurara har ya mutu, ya sake fitar da shi da ɗan ƙarfi, ya sake da ƙarfi sosai, domin MIDI na auna nauyin yatsa da lambobi har zuwa 127, kuma kowane mataki yana son irin tasa muryar. Ana maimaita amo ɗaya sau da yawa don kada kunne ya gane cewa abu guda ake kunnawa. Taskoki masu tsada har hawa da sauka tsakanin amo biyu suke naɗa. Bayan haka injiniya ya yanka, ya goge ƙarar da ba ya so, ya daidaita, ya raba wa kowane madanni rabonsa.

A wannan mataki na ƙarshe ne maganar take. Duk abin da aka naɗo, dole ya shiga sifar fiyano, kuma fiyano yana da tasa aƙidar game da kiɗa: ya raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida 12 daidai wa daida, kowane amo yana farawa da taɓawa ya ƙare da sakewa. Kiɗan Larabawa da na Turkawa yana da muryoyin da ke faɗawa tsakanin madannai biyu, kuma da su ake bambanta wani maƙami, wato tsarin muryoyi, da wani. Kiɗan gamelan na Jawa da Bali kuwa, kowane rukunin ƙarafa da irin nasa saitin, har ba a cika haɗa kayan wannan rukuni da na wancan ba. Idan injiniya ya ja waɗannan muryoyi zuwa ma'aunin fiyano domin su zauna lafiya da gogen Turai, launin sautin yana nan, amma tsarin da ya ba shi ma'ana ya tafi. Gaskiya ne manhajoji da yawa suna ba da damar sauya saiti, kuma kamfanoni irin su Korg da Yamaha sun daɗe suna ƙera fiyano na musamman don kasuwar Gabas ta Tsakiya. Khyam Allami, makaɗi ɗan asalin Iraƙi, ya fitar da Leimma da Apotome a 2021 domin wannan matsalar. Amma mai aikin da ake jira ya miƙa kiɗan fim gobe da safe ba kasafai yake taɓa saiti ba. Abin da ya tarar a buɗe shi yake kaɗawa.

Kalangu ya fi kowane misali fito da abin fili. Makaɗin kalangu yana rataye shi a kafaɗa, yana matse tsarkiyarsa yana sassautawa, fata tana ɗaurewa tana saki, murya tana hawa tana sauka a cikin bugu guda. Da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa, ya kaɗa taken mutum har mai taken ya waiwayo daga nesa. Ana iya naɗar bugun kalangu a matakai goma ko ashirin, a jera su tsaf. Wanda bai san take ba, idan ya kaɗa su, zai fitar da sautin kalangu sak, amma kalangun bai ce komai ba, kamar wanda ya iya furta baƙaƙen wani harshe bai san kalma ko ɗaya ba. Haka abin yake ga algaita, wadda mai busa ke cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci don kada busa ta yanke. Manhaja tana kwaikwayon wannan ta hanyar juya guntun sauti yana maimaituwa, sai a rasa 'yar rawar da numfashi ke sa wa murya.

Akwai kuma abin da yawan amfani ke yi wa kayan kiɗa. Duduk, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2005, a Armeniya ana busa shi a biki ana busa shi a makoki. Bayan Djivan Gasparyan ya busa shi a fim ɗin Gladiator a 2000, sai ya zama alamar baƙin ciki da tsohon zamani a kowane irin fim, ko labarin ya shafi Armeniya ko bai shafe ta ba. Taskar sauti ba ita ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, amma ita ta sa ta yi araha. Ludwig Göransson ya bi wata hanya dabam a kiɗan fim ɗin Black Panther na 2018: ya tafi Senegal, ya yi aiki da Baaba Maal, kuma Massamba Diop ne ya kaɗa tama, 'yar'uwar kalangu. Wannan hanya tana cin kuɗi da lokaci, kuma ba kowane mai tsara kiɗa ke da su ba, shi ya sa ba adalci ba ne a ɗauki taska a matsayin kasala kawai. Ga ɗalibi, ko mai ƙaramin situdiyo, ita ce kaɗai hanyar da zai gwada yadda kora za ta zauna a cikin waƙarsa kafin ya nemi mai kaɗa ta.

Batun haƙƙi ya fi tsufa a fagen waƙoƙin da aka ɗauko daga ajiyar masu bincike. Ƙungiyar kiɗa ta Deep Forest ta Faransa ta gina "Sweet Lullaby" a 1992 a kan muryar Afunakwa, wata mata daga tsibiran Solomon, wadda Hugo Zemp ya naɗa UNESCO ta fitar a 1973. Ƙungiyar Enigma kuma ta sa muryar Difang da matarsa Igay, 'yan ƙabilar Amis ta Taiwan, a "Return to Innocence", har aka yi tallar gasar Olamfik ta 1996 da ita. Sai da suka kai ƙara kafin a sasanta a wajen kotu. Taskokin kasuwa sun fi wannan tsabta ta fuskar doka, domin ana ɗaukar makaɗi aiki da yarjejeniya. Sai dai galibi biya ɗaya ake yi masa, mai saye kuma ya sami lasisin amfani da sautin a ayyuka iya son ransa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Doka ta san mai waƙa da mai faifai, ba ta san zuriyar da ta riƙe wani salon kiɗa kaka da kakanni ba.

A ƙasar Hausa lamarin ya zo ta wata fuska. Tun shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, kuma da muryoyin da aka zubo a cikinsa aka gina kiɗan fina-finan Hausa, daga baya manhajoji irin su FL Studio suka shigo. Ke nan mai kiɗa a Kano ya fi samun sitar da tabla a yatsunsa fiye da kukuma ko gurmi. Ko taskar Afirka ta Yamma da Native Instruments ta fitar, kayan Mande ne suka cika ta: kora, balafon, jembe, ngoni. Kotson da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa da shi, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, ba su cikin abin da manyan kamfanoni suka saba naɗa. Idan za a yi musu taska mai amfani, amo ɗaiɗai ba zai wadatar ba. Sai an naɗi cikakkun jimlolin kiɗa da take, an bar kowane kaya a kan saitinsa na asali, an rubuta sunan makaɗi da garinsa da irin taron da ake yin kiɗan, kuma an tsara yarjejeniyar da za ta ba shi kaso a duk lokacin da aka sayar da kwafi.