Daga Filinge zuwa Kati da Dakar: tsohon tarihin makarantun ƙasa da ƙasa

A 'yan shekarun nan iyaye da dama a Filinge da kewaye suna burin kai 'ya'yansu Yamai, makarantun da ake kira na ƙasa da ƙasa. Birnin ya daɗe da sanin irinsu: lise La Fontaine ta Faransawa, makarantar Amurkawa, Sahel Academy ta 'yan mishan, da makarantun Turkawa. Tallarsu kusan iri ɗaya ce: yaro zai zauna da 'ya'yan ƙasashe daban-daban, kuma za a raini ƙwaƙwalwarsa da jikinsa da halinsa gaba ɗaya. Mutane na ɗaukar wannan sabon abu ne, alhali ƙasar Kurfai ta ɗanɗana shi tun zamanin kakanninmu, ta ga amfaninsa, ta kuma biya kuɗinsa.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka tsayar da Gado Namalaya a kan sarautar Kurfai, buƙatarsu ta gaba ita ce masu rubutu da tafintoci da malamai. Lakwal ɗin gari ba ta wuce matakin farko. Yaron da ya yi fice sai a tura shi Yamai, wanda ya sake yin fice kuma a fitar da shi daga Nijar, domin manyan makarantun na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa ne, ba na ƙasa ɗaya ba.

Babbarsu ita ce makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. An buɗe ta a Saint-Louis a 1903, aka mayar da ita tsibirin Gore a 1913, daga baya aka kai ta Sebikotan kusa da Dakar. A ɗakin kwana ɗaya za ka tarar da Bawolofe da Babambare da Bamoshe da Bazabarme. Can Bubu Hama da Hamani Diori da Djibo Bakary suka yi karatu, kamar yadda Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali suka yi. Kuma karatun bai tsaya ga allo ba. A shekarun 1930 ɗalibai suna shirya wasan kwaikwayo daga tarihin garuruwansu, har suka kai shi Paris a 1937. Ana kuma sa kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya rubuto bincike a kan al'adun mutanensa: aure, abinci, magani, tatsuniya.

'Ya'yan yankinmu biyu sun isa misali. Adamu Mayaki, haifaffen Filinge a 1919, ya yi karatun aikin gona a Katibugu, ƙasar Mali ta yau, ya zama ministan harkokin waje a zamanin Diori, sannan jakada a Amurka. Ɗansa Ibrahim Hassan Mayaki ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000. Na biyu shi ne Seyni Kunce, haifaffen Fandu a 1931. Daga lakwal ɗin Filinge ya wuce makarantun yara na soja a Kati da Saint-Louis, ya shugabanci Nijar daga 1974 har rasuwarsa a 1987.

Amfanin wannan cuɗanya a fili yake. Waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya a Gore da Sebikotan suna cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar RDA a Bamako a 1946, suka jagoranci neman 'yanci. Turawa sun tara su don su yi musu aiki, sai zaman tare ya nuna musu cewa ciwonsu ɗaya ne.

Amma a duba ɗaya ɓangaren. Harsunan yaran sun yi yawa a tsakar makaranta, a cikin aji kuwa harshe ɗaya ne ke da izini. Tsofaffinmu suna tuna "sambol", abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Ko binciken al'adun nan da Faransanci ake rubuta shi, Bature ne ke ba shi maki. Ƙari a kan haka, ƙofar ƙunci gare ta: 'yan tsiraru ne ke shiga, 'ya'yan sarakuna na kan gaba, 'yan mata kuwa sai ɗaiɗai. Shi ya sa talakawa da yawa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗaukar 'yan lakwal, domin sun ga wanda ya tafi yakan dawo baƙo a gidan ubansa.

Nijar ta yi ƙoƙarin gyara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu harsunan ƙasa. A 2025 kuma dokar sabunta ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sauran aiki shi ne littattafai da horon malamai, waɗanda doka kaɗai ba ta samar da su.

Don haka, iyaye, kafin ku sayar da bijimi ku biya kuɗin makarantar Yamai, ku yi tambayoyin da kakanninmu ba su sami damar yi ba. Wa ya tsara manhajar, kuma don wace ƙasa ake shirya yaron? Harshensa da addininsa suna da gurbi a jadawali, ko sai ranar bikin al'adu? Takardar da zai samu tana aiki a nan gida?

Mu kuma malamai, mu dubi ajin da ke gabanmu. A Filinge benci ɗaya na ɗaukar Bakurfaye da Bazabarme da Buzu da Bafillace. Abin da wasu ke biyan miliyoyin sefa su samu, mu kyauta muka gaje shi. In muka sa kowane yaro ya koya wa ɗan'uwansa gaisuwa da ƙirga da harshensu, ya kawo labarin kakarsa a rubuta a allo, mun ɗauki abin kirkin William Ponty mun bar mata sambol ɗinta.