Ganyen Da Ake Ƙunshe Waakye

A Nima da Maamobi, cikin birnin Akara, sanannen abincin safe shi ne waakye. Sunan nan daga kalmar wake ya fito, gama shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi. Tun dā ana ƙunshe shi a cikin wani ganye kore mai faɗi. Mutane sukan ci su yar da ganyen, amma kaɗan ne suka san tarihinsa.

Tsiron da ke ba da ganyen, wanda ake kira katemfe, ba ya fita a ƙasar Hausa. Yana son inuwar kurmi, daga Saliyo har zuwa Kwango. 'Ya'yansa ja ne, a gindinsa suke fita dab da ƙasa. Mutanen kurmi sun daɗe da sanin zaƙinsu, suna gyara abinci mai tsami da su.

A zamanin da ba a iya ɗaukar hoto mai launi ba, masanan Turai sukan busar da ganye su manna a takarda, su zana siffar tsiro, su raɗa masa suna da Latin. Wani likitan soja na Ingila, William Daniell, wanda ya yi aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, ya rubuta labarin katemfe a 1855. Aka sa wa tsiron sunansa, har yau masana suna ce da shi Thaumatococcus daniellii. Kalmar farko Helenanci ce, ma'anarta ɗan itace mai ban mamaki. Waɗanda suka nuna masa amfaninsa kuwa, sunansu bai shiga littafi ba.

A 1972 masu bincike a ƙasar Holan suka fitar da sinadarin zaƙin, suka kira shi taumatin. Ya fi sukari zaƙi kamar sau dubu biyu. Kamfanin Tate & Lyle ya shiga sayar da shi da sunan Talin.

Turai tana ɗaukaka ɗan itacen ke nan, a Akara kuwa leda ta soma korar ganyen, don ta fi araha. Amma ganye yakan ruɓe ya koma ƙasa, leda ba ta ruɓewa. Takan taru a babban magudanar Nima, wanda ke zuba cikin kogin Odaw. Ran 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, aka kuma lissafta magudanan da shara ta toshe cikin sanadin ambaliyar.

Saboda haka mai waakye da ta riƙe ganye, ko da ya fi tsada, tana yi wa unguwa alheri. Mai saye kuma da ya ce, "Hajiya, a sa mini a ganye," ya rage wa magudanar leda ɗaya.