Masu Dafa Sukari a Jazira

Ruwan rake idan ya fito daga matsa, zaƙin da ke cikinsa bai wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba. Sauran duk ruwa ne, kuma aikin mai dafuwa shi ne ya kore shi da wuta, ya tsaya daidai inda ya kamata. In ya sauke da wuri, abin ya yi tsami a ajiye. In ya zarce, ya ƙone ko ya daskare a gindin tukunya. Manomi ya yi wahalar shekara guda, mai sara ya sha rana, amma ribarsu ko asararsu tana hannun mutumin da zai ce dafuwa ta kai. Wannan ita ce sana'ar da na tsufa a cikinta.

Mu mutanen Hajj Abdalla, a hanyar Wad Madani zuwa Sinnar a ƙasar Sudan, kakanninmu daga yamma suka fito. Wasu niyyar aikin hajji ce ta kawo su a ƙasa, wasu kuma hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, har Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin da ake kira da sunansa a kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya buɗe, ƙauyukanmu suka yawaita a gefen magudanan ruwa. Mutanen nan sun zo da sanin rake na fadama, sun san maɗi da alewa. A nan suka tarar da takanda, wadda maƙwabta ke kira ankolib, ana shan ta a kowace kasuwa bayan damina.

A gidanmu kakata ce mai dafa ta. A fere karan, a daka a turmi, a matse, a tace da ƙyalle, a ɗora a murhu. Ba ta barin kumfa ta zauna, da ta taso sai ta kwashe da ludayi. Ma'auninta uku ne. Tana kallon yadda tafasa ke canzawa daga manyan ƙwayoyi masu fashewa da sauri zuwa ƙanana masu nauyi. Tana ɗaga ludayi ta ga ko ɗiga yake yi ko zuba a shimfiɗe. Na ƙarshe ta ɗiga kaɗan cikin ƙwaryar ruwan sanyi: in ya watse da saura, in ya dunƙule ya kai. Sai da na girma na gane abin da ya sa takandarta ba ta taɓa daskarewa kamar mazarƙwailar da mutanen Maƙarfi da ƙasar Zazzau ke yi da rake ba. Zaƙin takanda yana da yawan irin sukarin da ba ya yin ƙwaya, shi ya sa yake tsayawa a ruwa-ruwa. Rake kuwa in an kai shi zafin maki 118 zuwa 120, aka juya shi ya sha iska, sai ya kama jikinsa a cikin kwano.

Farin sukari a wancan zamani daga waje yake zuwa, kuma gwamnatin Ingilishi ta riƙe cinikinsa a hannunta don kuɗin shiga. Mutumin Sudan kuwa ba ya wasa da shayinsa. Bayan samun 'yanci a 1956 aka ƙudurta yin namu. Masana'antar Junaid ta fara aiki a 1962, ta Sabuwar Halfa ta biyo baya bayan 'yan shekaru, sannan ta Sinnar a 1976, wadda ita ce mafi kusa da mu. Asalaya ta zo a 1980, Kenana kuma Shugaba Numairi ya buɗe ta a 1981. Irin raken da ya mamaye gonakin nan, Co 6806, asalinsa daga cibiyar binciken Coimbatore ta Indiya yake. Samarin ƙauyukanmu da yawa sun tafi saran rake da ban ruwa, daga Nuwamba har zafin bazara. Kaɗan ne daga cikinmu suka samu shiga ciki, kuma mafi ƙaranci suka hau benen dafuwa.

Wanda ya saba da kasko a fili, ranar farko a benen nan sai ya rikice, domin ba ya ganin wuta kuma ba ya ganin abin da ake dafawa. Ruwan rake yana shan farar ƙasa da zafi don datti ya kwanta, sannan ya bi ta jerin tukwane huɗu ko biyar, tururin ta farko yana dafa ta biyu, na biyu yana dafa ta uku. Dabarar Norbert Rillieux ce, wani injiniya ɗan New Orleans, tun shekarun 1840. A ƙarshen jerin ana son kaurin ya kai 60 zuwa 65 a ma'aunin Brix, wato kashi nawa ne narkakken abu cikin ɗari. Ba a so ya wuce haka, don kada ƙwaya ta fito tun a bututu, kuma mai dafuwa yana bukatar ruwan da bai ƙoshi ba wanda zai sarrafa tukunyarsa da shi.

Tukunyar kanta rufaffiya ce, an zuƙe iskar cikinta, hikimar da Edward Howard ya fito da ita a Ingila a 1813. Saboda rashin iska, tana tafasa a wajajen maki 65 zuwa 70, sukari ba ya ƙonewa. A nan ake ƙara kauri har ruwan ya ɗauki sukarin da ya fi ƙarfinsa, sannan a zuba iri, wato garin sukari mai laushi ƙwarai, don ƙwaya ta samu abin da za ta ginu a kai. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure siririya ce. In kauri ya gaza, irin ya narke. In ya zarce, sabbin ƙwayoyi ƙanana su ɓarke da kansu, su toshe rariyar injin tacewa, sukari ya bi baƙin maɗi ya tafi. Maganinsu ruwan zafi ne, a ba su daidai yadda za su narke ba tare da an taɓa manyan ba.

Usta, wato babban mai dafuwar da ya koya mini, yana da sandar gwaji a jikin tukunya. Ya zaro ta, ya lakato, ya ja tsakanin babban yatsa da manuni, ya duba tsawon zaren kafin ya tsinke. Sauran ya shafa a ɗan gilashi ya ɗaga wa fitila. Wani dare a bakin aiki na kawo masa takardar ɗakin gwaji na ce, "Usta, ga abin da ma'auni ya nuna." Ya karɓa ya karanta, ya ce, "Gaskiya suka rubuta, ɗana, amma na ɗazu ne. Kawo hannunka." Ya sa mini a yatsa, ya ce in murza har in ji bambancin ƙwaya mai kaifi da mai laushi. Hannun kakata na gani a hannunsa, ko da yake shi bai taɓa dafa takanda ba.

Ban yarda da masu cewa na'ura banza ce ba. Ma'aunin da ake tsomawa a ruwa da madubin auna kauri sun hana asara mai yawa, muddin an tuna cewa ruwa mai zafi yana nuna ƙasa da kaurinsa na gaskiya, sai an gyara lissafi. Masu dafa ruwan itacen maple a Kanada ma da wannan suke fama. Nasu ruwan zaƙinsa wajen kashi 2 ne kacal, sai an ƙona lita 40 kafin a samu ɗaya. Doka ta ce kada kauri ya gaza 66, domin ƙasa da haka yana lalacewa, kuma in ya hau da yawa sukari ya kwanta a gindin kwalba. Suna sauke shi idan zafinsa ya ɗara na tafasar ruwa da wajen maki 4, kuma kullum sai sun sake auna tafasar ruwan, tunda tana canzawa da tudu da yanayi. Mu ma a Jazira, da tudunmu na kusan mita 400, ruwa ba ya kai maki 100 yake tafasa.

Sababbin tukwane suna da kwamfuta mai lura da kauri tana buɗe famfo da kanta. Tana aiki da kyau idan rake sabo ne. Amma raken da aka ƙona aka sara ya kwana biyu ko uku a gona, zaƙinsa ya fara juyewa, ruwansa ya yi yauƙi, ƙwayarsa ta fito doguwa kamar allura. A irin wannan dare mai dafuwa ne zai rage gudu, ya canza yawan iri, ya ceci abin da za a iya ceta.

Masana'antu huɗu na gwamnati, wato ban da Kenana, sun haura tan 350,000 na sukari a shekara a wajajen 2009, daga nan abin ya yi ta raguwa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disamban shekarar, ya bi ta garinmu, injunan Junaid da Sinnar suka tsaya, ma'aikata suka watse zuwa Gadarif, Kasala da ƙetare. Ana maganar gyara, ana lissafin injuna da bututu. Ni abin da nake roƙo shi ne a fara da neman tsofaffin masu dafuwa inda suke, a haɗa kowanne da samari biyu ko uku tun kafin a kunna tukunya ta farko, domin yatsa ba ya koyon ƙwaya a kaka ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka iya sun haura shekara 60.