Daga Tandu Zuwa Zoom: Tarihin Fuskar Ma'aikaciya A Gaban Kyamara

Tun shekarar korona taron aiki ya shigo mana har cikin ɗaki, kuma har yau bai fita ba. Bita, ganawa da masu ba da tallafi, ganawar neman aiki ko gurbin karatu, duk sai a ce a hau Zoom ko Google Meet, a kuma buɗe kyamara. Da wannan ya zo, sai wata kasuwa ta biyo bayansa. Masu tallan kayan kwalliya a Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp suna ta gaya wa ma'aikaciya cewa in tana so a ɗauke ta da daraja a taro, dole fuskarta ta "fito". In kuka bi diddigin wannan fitowar, yawanci fari ake nufi: hodar da ta fi fatar mutum haske, in ma ba a kai ga man bilicin ba. Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Bari mu ɗan duba baya, don maganar ta shafi lafiyarmu da aljihunmu, ta kuma shafi 'ya'yanmu mata da ke kallonmu.

Mu fara daga gida. A watan Janairun 1824 Bature ɗan yawon duniya Hugh Clapperton ya shigo Kano, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani. Cikin abin da ya ba shi mamaki akwai adon mata. Ya ce suna rina gashinsu da girarsu da shuni, har hannuwa da ƙafafu, kuma maza da mata suna jajaye haƙora da leɓe da furen taba da na gurjiya. Ku ƙara da kwalli a tandu, da lalle, da katambiri da ake zana wa fuska baƙaƙen layuka. Wannan shi ne akwatin kwalliyar kakanninmu, kuma kusan dukkansa ana samunsa a kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15.

Ku lura da launukan: baƙi, shuɗi mai duhu, ja. Duk launuka ne da aka zaɓa don su hau kan baƙar fata su zauna daidai. Kwalli yana fito da farin ido, fure yana sa murmushi ya yi armashi, shuni yana ba gashi sheƙi. Ba a cikinsu wanda aikinsa shi ne canza wa mace launin da aka haife ta da shi. Haka abin yake a tufafi. Mu mutanen Minjibir mun san garinmu ya yi suna da saƙa, kamar yadda Kura ta yi suna da rini da bugu. Turkuɗin da ake bugawa har ya riƙa walƙiya shi ne kayan alfarma, har Buzaye ke tsallako Sahara su saya, ba su kuma damu da shunin da yake bari a fatarsu ba. A idon mutanen wancan zamanin duhu mai sheƙi shi ne ƙarshen ado.

Wani zai ce ai wannan adon gida ne da na biki, ina ruwansa da aiki? To shigar aiki ma ba baƙuwa ba ce a wajen matanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, kowace jaji da za ta tura ƙauyuka koyar da mata sai ta ba ta malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Da an hango ta an san malama ce ta zo da izini. Alamar aiki kenan tun kafin a san ofis: abin da zai sa a gane matsayinki a saurare ki, ba tare da kin zama wata daban ba.

To daga ina hodar nan ta kyamara ta fito? Daga masana'antar fim ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da fim mai kala ya fara yaɗuwa a Hollywood, tsohon fentin da 'yan wasa ke shafawa sai ya riƙa ƙyalli yana ɗaukar launin duk abin da ke kusa da su. Kamfanin Max Factor ya haɗa wata daskararriyar hoda marar ƙyalli ya sa mata suna Pan-Cake, daga baya ya fito da ita kasuwa. Sunan nan shi ne ya taka har ya iso bakin iyayenmu ya zama fankeke. Wato fankeken da ke cikin kayan lefe asalinsa maganin matsalar kyamara ne. An yi shi don ya kashe maiƙo, kuma an fara auna launukansa da fatar Turawa.

Talabijin ya ƙara wa maganar ƙarfi. Ranar 26 ga Satumba 1960 aka yi muhawarar farko ta talabijin tsakanin 'yan takarar shugabancin Amurka, John Kennedy da Richard Nixon. Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya kuma ƙi yarda masu kwalliyar gidan talabijin su gyara shi. Fitilu suka sa shi gumi, ya fito a rame, fuska ba annuri. Tun daga ranar 'yan siyasa maza suka daina jin kunyar a shafa musu hoda kafin su zauna gaban kyamara. Mu kuma a lokacin ne talabijin ke shigo mana: Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, sannan CTV a Kano zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. Masu karanta labarai su ne suka fara nuna mana yadda mace mai aiki ke fitowa a akwati da ɗankwali da mayafi cikin natsuwa. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 masana'antar Kannywood ta taso, ita ma ta kawo nata salon kwalliyar, wanda ya yi ta nauyi har ya kai inda yake yau.

Ga inda nake so ku tsaya ku ji da kyau. Ita kanta kyamarar ba a ƙera ta da mu a rai ba. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley. Da shi ake daidaita injin: in fuskar Baturiyar ta fito daidai, an ce injin ya daidaita. Shi ya sa a tsofaffin hotunan kala za ku ga baƙin mutum sai ido da haƙora. Abin takaici, waɗanda kokensu ya fara tasiri a wajen kamfanin su ne masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don hotunan tallansu ba sa bambanta launin ƙasa-ƙasa mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa da baƙar mace. Hodar ma haka ta daɗe. Da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da launi 40 na fandeshan, sai da ya zama labarin duniya, saboda manyan kamfanoni da yawa ba su damu da masu duhun fata ba. A gida Najeriya irin su House of Tara, wadda Tara Fela-Durotoye ta fara a 1998, sun riga sun ga wannan giɓin.

Sai ga 2020. An samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Gwamnatin jiha ta rufe gari a tsakiyar watan, ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ƙara sa dokar kulle ta mako biyu a Kano. Tun a Maris gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, a watan Mayu kuma Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo. Kamfanin Zoom ya ce masu halartar taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020. Karon farko kenan da ƙaramar ma'aikaciya ta zauna awa biyu tana kallon fuskarta a 'yar taga, ta cikin kyamarar waya mai rauni, a ɗakin da tagarsa ƙarama ce kuma ba wuta. Ta ga kanta ta yi duhu ta yi dishi-dishi, sai ta zaci laifin fatarta ne. Mai tallan mai kuma yana nan yana jira.

Illar ba ƙarama ba ce. A Fabrairun 2023, a nan Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, ta kuma ambaci ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan hasken fata. Da yawan haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ko sinadarin hydroquinone fiye da ƙima, wanda daga baya yake barin baƙaƙen tabo a kumatu, ko maganin kumburi mai ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri har ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. An shafa don kyamara, daga ƙarshe sai an nemi hodar da ta fi ta da kauri don a rufe ɓarnar.

Kada kuma mu ce duk abin da muka gada lafiya lau ne. Kwalli sunna ne, kuma ismidi aka ambata a hadisi. Amma dutsen da ake niƙawa a sayar mana a kasuwa sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, wanda aka kai daga Najeriya, sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Uwar da ke shayarwa tana aiki daga gida da yaro a cinya, ita ma ya kamata ta san abin da ke cikin tandunta.

To 'yar uwa, in kina da taro gobe, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Fara da haske kafin hoda. Ki zauna kina fuskantar taga ko ƙofa, kada hasken ya zo ta bayanki, don kyamara tana auna wuri mafi haske ne ta dusashe saura. Saboda wannan dalilin farin mayafi fat ko farin bango mai ɗaukar rana yana ƙara wa fuska duhu. Launi mai natsuwa kamar ruwan toka, ruwan goro, kore mai duhu ko shuɗin nan namu na rini ya fi fito da ke. Yadi mai ƙananan ratsi kuma rawa yake yi a bidiyo. In ba wuta, fitilar caji ko ta sola a gabanki, da farar takarda a kare ta don hasken ya yi laushi, ta wadatar. A gidajenmu na karkara inuwar rumfa da safe ta fi kowane ɗaki kyan haske. Ki ɗora wayar a kan littattafai ta zo daidai ido, ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi.

Sannan kwalliyar. Ki gwada hoda ko fandeshan a gefen muƙamuƙi a hasken rana. Wadda ta ɓace a fatarki ita ce taki. Wadda ta fi ki haske toka-toka take fitowa a kyamara, fuska daban wuya daban. Aikin hoda a taro shi ne kashe maiƙon goshi da hanci, musamman a zafin Maris da Afrilu, don haka ki bar masu ƙyalƙyali sai ranar biki. Da hunturu ɗan man kaɗanya kafin hoda yana hana fuska yin furu-furu. Ki gyara gira da jagira sama-sama, ki ja gazal siriri, ki sa jan baki da bai yi nisa da launin leɓenki ba, tunda a 'yar tagar nan ido da baki ne ke isar da magana. Duk abin da za ki saya ki duba lambar NAFDAC da jerin abin da aka haɗa shi da su. In babu, ki ajiye musu kayansu. Wadda kuma ba ta kwalliya gaban maza saboda addininta ko ra'ayinta, fuska a wanke da haske mai kyau sun ishe ta, babu dokar aikin gwamnati da ta ce sai da jan baki.

Ku ma shugabannin ofis da masu shirya bita akwai naku. Ku daina yi wa mata tsokaci kan fuskarsu a taro, ko da wasa ne. Kalma ɗaya ta "yau kin yi duhu" tana iya tura yarinya mai matakin albashi na 7 wajen mai haɗa mai. In intanet na wahala, kamar yadda yake yi mana a ƙauyukan Kunya da Wasai, ku bar mutane su rufe kyamara su yi magana. Rahoton da ta rubuta da lissafin da ta kawo su ne abin dubawa.

Sai da Kodak ta shafe shekara kusan arba'in kafin ta sa baƙar mace a katinta, kuma da aka tashi gyara injin aka gyara. Mu ma taga za mu juya, mu bar fatarmu yadda Allah Ya yi ta. Allah Ya ba mu lafiya da abin yi mai albarka, amin.