Daga Maƙoƙo Zuwa Korona: Yadda Aka Gano Tasirin Annoba a Kan Tayirod

Tun kafin a gina asibitin zamani a ƙasar Zazzau, Hausawa sun san maƙoƙo, wato kumburin da kan fito a gaban wuya, amma ba su san gaɓar da ke kumburar ba. Wannan gaɓa ita ce likitoci ke kira tayirod, wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu da ke kwance a kan maƙogwaro, wadda aikinta shi ne tattara aidin daga jini domin sarrafa sinadarai biyu da ake kira T4 da T3. Sinadaran nan suna cikin jinsin homon, wato saƙon da wata gaɓa ke aikawa ta cikin jini, kuma su ne ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da saurin da jiki ke ƙona abinci. Umarnin yawan abin da za ta fitar yana zuwa mata ne daga wata ƙaramar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, ta hanyar wani homon da ake kira TSH.

A Nijeriya an daɗe ana kallon ciwon tayirod a matsayin matsalar ƙarancin aidin kawai, kuma akwai dalili, domin a 1993, shekarar da aka wajabta sanya aidin a gishirin ci, an ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka bincika suna da maƙoƙo. Matakin ya yi nasara, har gishirin da ake saya a kasuwar Sabon Gari ya zama rigakafin da mutane ke ci ba tare da sun lura ba. Sai dai nasarar ta bar wani giɓi a fahimtar jama'a, domin ido ya saba da neman kumburi, alhali gaɓar tana iya rikicewa wuya yana nan sumul.

Likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana irin wannan rikicewa a 1904, inda tayirod ke yin zafi da ciwo, kuma daga baya aka lura cewa hakan yakan biyo bayan mura ko wata cutar bairas. Dangin korona sun shigo labarin ne da annobar SARS ta 2002 zuwa 2003, wadda ta ɓulla a lardin Guangdong na ƙasar Sin. Binciken gawarwakin waɗanda ta kashe ya nuna ɓarna a ƙwayoyin halittar tayirod, kuma a 2003 aka gano cewa ƙwayar cutar tana shiga jiki ta wata kafa da ke jikin ƙwayoyin halitta mai suna ACE2. Da annobar ta lafa sai hankali ya koma wani wuri, aka bar zancen kusan inda yake.

Sabuwar korona ta bayyana a Wuhan a Disambar 2019, aka tabbatar da isowarta Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma kafin ƙarshen Maris an kulle Jihar Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufai da kansa ya sanar da kamuwarsa ranar 28 ga watan. A daidai lokacin da shagunan unguwar Chikaji a Zazzau da ɗakunan karatun Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suke rufe, likitoci a Italiya suna tattara shaidar farko. A watan Mayun 2020 wasu likitoci a Pisa suka ba da rahoton wata budurwa 'yar shekara 18 da ciwon wuya da zazzaɓi da bugun zuciya suka kama kwana 15 bayan gwaji ya tabbatar tana da korona. Ba da daɗewa ba wani bincike a asibitin Humanitas da ke kusa da Milan, a kan majinyata 287, ya sami kusan kashi 20 cikin 100 da homon ɗin tayirod ya yi musu yawa a jini, kusan kashi 5 kuma ya yi musu ƙaranci.

Daga nan aka fahimci cewa cutar tana taɓa gaɓar ta fiye da hanya guda. Tayirod tana da kafar ACE2 da yawa, saboda haka ƙwayar cutar na iya isa gare ta, amma ɓarnar tana kuma zuwa daga fushin garkuwar jiki, musamman sinadarin kumburi mai suna IL-6. Idan ƙwayoyin gaɓar suka fashe, homon ɗin da ke ajiye a cikinsu yakan malala cikin jini gaba ɗaya, kamar rumbun da gindinsa ya ɓule, sai mutum ya riƙa gumi da rawar hannu da rama da rashin barci. Idan ajiyar ta ƙare kuma sai kasala da jin sanyi su biyo baya, kafin gaɓar ta farfaɗo cikin 'yan watanni a wurin mafi yawan mutane. A wasu kuma korona ta tayar da cutar Graves, inda garkuwar jiki ke tunzura gaɓar ta yi aiki fiye da kima. Masu jinya mai tsanani kuwa T3 ɗinsu kan sauka ko da gaɓar lafiyarta ƙalau, kuma magungunan jinyar kansu, irin su dezametason da hefarin, suna iya karkatar da sakamakon gwaji.

Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai ga mazauna Chikaji da kewaye, inda zazzaɓi da kasala kan kai mutum kemis neman maganin maleriya ko taifot tun kafin ya yi tunanin zuwa Asibitin Koyarwa na Shika. Maganin kabimazol, wanda ke rage aikin gaɓar a cutar Graves, ba ya amfanar wanda homon ya malalo masa saboda kumburi, domin shi abin da yake bukata shi ne maganin kumburi da na sassauta bugun zuciya. Abin da ke raba su shi ne gwajin jini na TSH da T4 tare da duban likita, kuma abin takaici ne a ce kuɗin gwajin ya sa mai fama da bugun zuciya ya yi makonni yana shan maganin da ba na ciwonsa ba.