Rolleiflex: Yadda Ƙirar Akwati Ta Haifar da Salon Hoto

A shekarar 1929 kamfanin Franke & Heidecke na birnin Braunschweig a ƙasar Jamus ya fitar da kyamarar Rolleiflex. A ganina, salon hoton da aka san ta da shi daga ƙirar akwatinta ya samo asali, tun kafin gwanintar mai ɗauka ta shigo ciki.

Idanu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa ke shigar da haske kan fim. Na sama kuwa yana jefa siffar kan madubin da ke jingine a ciki, madubin ya ɗaga ta zuwa wani gilashi a saman akwatin. Don haka mai ɗauka yakan riƙe ta a daidai cikinsa, ya sunkuyar da kai yana dubawa. Wanda ake ɗauka yana ganin fuskar mutum a fili, babu ƙarfen da ya tare ta, kuma ba a ƙura masa ido. Duk wanda ya taso inda sunkuyar da kai alamar ladabi ce ya san yadda hakan ke kwantar da hankali. Ga shi madubin ba ya motsi, ƙarar dannawa kaɗan ce ƙwarai. Hotunan da Vivian Maier ta ɗauka a titunan Chicago shaida ne: an ɗauko mutane daga ƙasa-ƙasa, sun fito da kwarjini.

Kyamarar da ake leƙa ta sama ba ta jirkituwa gefe cikin sauƙi, shi ya sa hoto mai kusurwa huɗu daidai, santimita 6 tsawo 6 faɗi, ya dace da ita. Larura ce ta zama ado. Masu ɗaukar hoto Richard Avedon da Irving Penn sun ƙware a cikin wannan murabba'i, kuma fim mai lamba 120 hoto 12 kacal yake ba su, sai an yi tunani kafin a danna.

Masu suka suna da hujja. Dama takan koma hagu a gilashin, idanun biyu kan saɓa idan abu ya matso kusa, kuma yawancin samfuranta ba a sauya musu ido. Nan kyamarar Hasselblad ta Suwidin ta sha gabanta, har kamfanin da ke ƙera Rolleiflex ya fitar da SL66 mai ido ɗaya a 1966. Sai dai madubin wannan dole ya ɗaga a kowace dannawa, gilashin ya yi duhu a daidai lokacin da mai ɗauka ya fi buƙatar ganin fuskar da ke gabansa.