Tayuri da Tarihin Neman Wakilci a Sabha

Tayuri unguwa ce a gefen birnin Sabha, cibiyar yankin Fezzan a kudancin Libiya. Ta tashi ba da tsarin hukuma ba, kuma galibin mazaunanta Tubawa ne da Abzinawa. Da yawan Abzinawan sun shigo daga Nijar da Mali bayan farin shekarun 1970 da 1980, wasunsu suka shiga sojan Gaddafi bisa alkawarin za a ba su takardar zama 'yan ƙasa.

A Sabha ɗin nan ne Gaddafi ya shelanta mulkin jama'a ranar 2 ga Maris 1977. Aka kafa tarukan jama'a a matakin ƙasa-ƙasa, aka ce kowane ɗan ƙasa zai faɗi ra'ayinsa da bakinsa, jam'iyyu kuwa haramun ne. Sai dai wanda ba shi da littafin iyali, takardar da ke tabbatar da asalin mutum a Libiya, ba a lissafa shi. Tubawan da aka yi wa rajista lokacin da Libiya ke riƙe da zirin Awzu sun shiga tsaka mai wuya bayan Kotun Duniya ta mayar wa Cadi yankin a 1994.

Faɗuwar gwamnati a 2011 ba ta kwance wannan ƙulli ba. A 2013 aka fito da lambar ɗan ƙasa, wadda albashi da fasfo suka rataya a kanta. Rajistar zaɓe ma ta koma ta saƙon waya: mutum ya tura lambarsa da ta rumfar zaɓensa, a amsa masa. Marar lamba, ko a Tayuri aka yanke masa cibiya, ba abin da zai tura. Wannan zalunci ne bayyananne, kuma kujeru bibbiyu da aka ware wa Tubawa da Abzinawa cikin 60 na majalisar rubuta kundin tsarin mulki a 2014 ba su share shi ba.

Saboda haka nauyin al'umma ya koma wuyan dattawan ƙabilu. Lokacin da faɗan Tubawa da ƙabilar Aulad Sulaiman ya ci Tayuri a Maris 2012, da na Tubawa da Abzinawa a Yulin 2015, su ne suka yi ta zaman sulhu da maganar diyya. Wakilan ƙabilu ne suka sa hannu a yarjejeniyar Doha a Nuwamban 2015 tsakanin Tubawa da Abzinawa, sannan ta Roma a 2017 tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman.